Alewar Tsohuwar Athens

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fita yawon ƙafa ni kaɗai a birnin Athens na ƙasar Girka. Lokacin ban daɗe da samun aiki a wani laboratuwar, wato ɗakin gwaje-gwaje, da ke Saint-Fons ba, nan kusa da Lyon ta Faransa, kuma shi ne bakans, wato hutun aiki, na farko da na ce ba a ɗaki zan yi shi ba. Da na gaya wa Yaya Sanusi, yayana mai butik, wato kantin salula, a unguwar Barbès, sai ya ce:

"Ke kaɗai? Ƙasar da ba ki jin ko kalma guda ta yarensu?"

"Haba Yaya, wadda ta taso daga Maraɗi ta zauna Faransa, wace ƙasa ce za ta gagare ta?" (Da hanci a sama na faɗi wannan maganar, Allah ya yafe mini.)

Da safe na ɗaure takalmi na fito. A Lyon na koyi wata ɗabi'a: duk direban da ya tsaya mini in tsallaka titi, sai in ɗaga masa tafin hannu, alamar godiya. To a titin farko wani mai taksi ya tsaya. Na buɗe masa tafi, yatsu a ware, har da murmushi. Bawan Allah ya leƙo da kai ta taga ya yi ta zuba faɗa. Na ce a raina, wannan bai karya kumallo ba. Can gaba wani mai babur ya ba ni hanya, na yi masa irin ta ɗazu, shi kuwa ya saki kan babur ya mayar mini da hannu bibbiyu. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce yawwa, ga ɗan gidan mutunci.

Na hau tudun Akropolis ina haki. Gaskiya wurin ya cancanci wahalar: ginshiƙan farin dutse tsaye tun zamanin da ba a san kakannin kakanninmu ba, ga birnin duka shimfiɗe a ƙasa har bakin teku. Na ɗauki hotuna kamar za a biya ni. Wajen saukowa ne na ce ba zan bi ayarin 'yan yawon buɗe ido ba, ni ai ba baƙuwar tafiya ba ce. Na kutsa cikin wasu lunguna masu fararen gidaje, matsattsu, babu kowa sai kyanwoyi. Ban ankara ba na ga na wuce wata baƙar kyanwa sau uku. Ruwana ya ƙare, rana ta take, ƙafafuna suna zogi.

A ƙofar wani ɗan gida wata tsohuwa ke zaune cikin baƙaƙen kaya. Ta dube ni ta girgiza kai, ta jawo mini kujera. Ta shiga ta fito da ruwan sanyi da faranti cike da wata alewa mai laushi, an barbaɗe ta da garin sukari. Na sha, na ci, raina ya dawo. Da ya dawo kuwa, sai girman kaina ma ya biyo shi. Na kira Yaya Sanusi ta bidiyo.

"Yaya, ka gani? Har kaka na yi a Girka!"

Yana butik tare da maƙwabcinsa Alhaji Mamman, suka leƙo suna gaishe ta da Hausa, tana amsa musu da yarenta, kowa na dariya. Ita kuma ba ta fasa ɗura mini alewa ba. Na ce, "Non, mersi," wato a'a, na gode. Ta ƙara. Na dafa ciki. Ta ƙara. Da na ga ta ɗauko wata tana nufo bakina da ita, sai na miƙe hannu, na ware yatsuna biyar, na tura tafin daidai fuskarta. Ni dai nufina na ƙoshi.

Murmushin ya ɗauke daga fuskarta. Ta ajiye farantin a hankali, ta dafe ƙirji, ta ƙwala kira. Tagogi suka fara buɗewa. Daga cikin salula na ji muryar Yaya:

"Ke! Mi nike gani haka? Daƙuwa kika yi ma tsohuwa?"

"Yaya, nan Turai ne fa, ba su san daƙuwa ba."

Ban rufe baki ba jikarta ta fito, wata mata da za ta yi sa'ata, aka yi sa'a tana jin Faransanci. Ta saurari kakarta, ta juyo gare ni.

"Madam, a ƙasar nan zagi ne wannan, babba kuwa."

Nan take mai taksi ya faɗo mini a rai. Sai mai babur, ɗan gidan mutuncina, da hannunsa bibbiyu. Ashe tun safe zagin gari nake yi ana rama mini.

Ban san lokacin da na zube ƙasa na durƙusa ba, irin durƙuson gida, ina ta "pardon, pardon". Don in wanke kaina, na ce da jikar ta gaya mata ai mu ma a ƙasarmu zagi ne, da mahaifiyata ta gani sai ta kusa karya mini yatsu. Ta fassara. Tsohuwa ta ƙura mini ido ta yi wata gajeruwar magana.

"Kaka ta ce, ashe ma kin san ma'anarsa."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Sai na ga kafaɗun tsohuwar suna rawa. Ta fashe da dariya har tana share hawaye, maƙwabta suka taya ta, Yaya da Alhaji Mamman suka karɓa daga Barbès (ban kashe kiran ba, don ban ma tuna akwai salula a hannuna ba). Hukuncin da ta yanke shi ne in cinye farantin tas. Na cinye, hannuna na hagu a ƙarƙashin cinya. Jikar ta raka ni har bakin babban titi, tana tafe tana ƙunshe dariya.

Bayan na dawo na je suna a garin Sevran, ashe Yaya ya riga ya baza labarin. Ina shiga falo, Hajiya mai gidan ta kare fuska da gyale ta ce, "Marhabin da 'yar Girka. Don Allah da baki za ki gaishe mu."

Abin da na koya dai shi ne, rashin kunyar da aka hana ka a gidanku ba ta zama wayewa don ta hau jirgi. Yanzu in direba ya tsaya mini, kai kawai nake ɗan sunkuyarwa in wuce da sauri.