Baba Mantau Ya Je Neman Aure

Waɗanda suka kalli talabijin tun tana baƙi da fari ba za su manta da Baba Mantau ba. A zamaninsa, in aka fara wasan kwaikwayonsu ranar Asabar da yamma, har mai shayi sai ya bar tukunyarsa ya leƙa gidan maƙwabta. Abu ɗaya ne matsalarsa: tunda ya fara wasa ba a taɓa ba shi matsayin mutumin kirki ba. Yau shi ne ɗan kasuwa mai tauye mudu, gobe dillalin da ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Ya iya abin har ya yi yawa. Akwai wata tsohuwa da ta taɓa bin sa da muciya a tashar mota, wai sai ya mayar wa marayu gonarsu. Alhali a gida, ko kazar maƙwabta ce ta yi ƙwai a zaurensa sai ya aika musu da abinsu.

To, bayan ya tsufa ya bar wasa, sai ɗan ƙaninsa Lurwanu ya ga yarinya yana so. Aka ce Baba Mantau ne babba, shi zai jagoranci masu neman aure. Ya sha babbar riga, ya naɗa rawani, suka tafi. Ashe waliyyin yarinyar Alhaji Ɗangaske ne, tsohon mai sayar da hatsi a kasuwar unguwarsu, mutum mai son a ji shi a cikin taro.

Aka gaisa, aka yi addu'a, Baba Mantau ya faɗi abin da ya kawo su. Alhaji Ɗangaske ya gyara zama, ya dube shi sama da ƙasa.

Ya ce, "Malam Mantau, yaron nan ba mu ji wani aibu a kansa ba. Amma gaskiya ina jin nauyin in kai 'yarmu gidanku. Da idona na ga ka zuba yashi a buhun gero ka sayar wa mai jego."



Baba Mantau ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ai wasa ne. Mai jegon ma ƙato ne aka ɗaura wa zane, don a lokacin mata ba sa yarda su fito."

"Na san wasa ne, ni ba yaro ba ne," in ji Alhaji, yana waiwayen jama'a ko sun ji. "Amma yadda kake danna babban yatsa a cikin mudu, kana salati kana rantsuwa, kana kallon mutum ido cikin ido! Wannan ba a rubuta wa mutum shi a takarda. In ba a jininka yake ba, ka faɗa wa mutanen nan, a ina ka koya?"

Baba Mantau ya ɓare goro a hankali, ya jefa a baki, sannan ya ce:

"Alhaji, duk zaman nan da na riƙa yi a bakin rumfarka shekara da shekaru, ka ɗauka hira ce take kawo ni?"