Rasuwar Ƙorama, Manhajar Famfon Malam Barau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da rungumar ƙaddara, iyalan Malam Barau na Sundimina, ƙaramar hukumar Birnin Kudu, suna sanar da rasuwar Ƙorama, manhajar da ke kula da famfon rijiyar burtsatse ta makarantar Islamiyyarsa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a gabansa, bayan gajeriyar jinya.

'Yarsa Sadiqa ce ta rubuta ta kafin aure ya kai ta Basirka, ta bar ta cikin tsohuwar kwamfutar da ke zaure. Marigayiyar ba ta da hoto, ba ta da ado. Baƙin allo ne kawai, a rubuta sunanta, a bar fili, a sa karan ɗori da harafi ɗaya. In Malam ya rubuta -k, sai ta kunna famfo. In babban harafi ne, -K, sai ta kashe. In ya ƙara -m da lamba, ta ba da ruwa na mintocin da ya ce, ko ɗaya ba ta ƙarawa. Ranar da ya manta filin ya manne mata harafi a jiki, ba ta yi fushi ba, cewa kawai ta yi, “Ban gane ba.”

Abin da ya fi so a wurinta shi ne -t, wato taimako. Da ya buga sai ta ce, “Baba, ka sake mantawa ke nan?” sannan ta jero masa haruffan. Uwargidansa Inna Kulu ta shaida cewa yakan buga shi ko da bai manta komai ba.

Ciwon ya fara ne da kunun tsamiya da ya zube a kan madannai, maɓallin manyan haruffa ya maƙale. Kwana da kwanaki duk sanda Malam ya rubuta -k, kashewa take ji. Sai ya tuna akwai -g na gyara. Ya buga, ya fito -G, wanda shi kuma na goge manhajar ne gaba ɗaya. Kalmarta ta ƙarshe ita ce, “Ka tabbata, Baba?” Malam mutum ne da ba ya magana biyu. Ya ce E.

An nemi kwafinta a filashin ajiyar bayanai da Sadiqa ta bari, aka tarar an cika shi da hotunan suna. Washegari Sadiqa ta iso a kan babur da goyo a baya, ta daɗe tana duban allon.

“Baba, sai haƙuri. Zan rubuta wata, da maɓallai masu launi, ba sai ka haddace komai ba.”

Malam ya ce, “Allah ya yi miki albarka.” Tun daga lokacin bai sake shiga zauren ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar tanki, da famfo mai lafiya wanda ba shi da mai yi masa magana, da ɗaliban makaranta, da shanun maƙwabcinsa Ɗanbala da ke zuwa kullum da yamma su tsaya bakin kwamin shan ruwa.

Za a kai jakarta ta cikin kwamfuta, wadda yanzu babu komai a ciki, kwandon sharar kwamfuta ranar Juma'a bayan la'asar. Malam zai karɓi gaisuwa a gindin durumin ƙofar gida. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kowa ya taho da ruwan alwalarsa.