Akuyar da ta Fito Daga Cikin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, wadda na bi gida-gida da ƙafata na gayyato dattawan unguwa su zo su ga gwanintata. Sun zo kuwa, kuma sun gani.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bebeji, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina saurayi, ga ƙuruciya ga son a sani. Na sayi wata tsohuwar kyamara a hannun abokin karatuna da ya gaji da ita, irin mai fim ɗin nan da ake murzawa da babban yatsa bayan kowane hoto. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ganin wuyana babu igiya. Har aji nake shiga da ita (ban san abin da nake tsammanin zai faru a darasin lissafi ba har ya cancanci hoto). Kafin a ce haka gari ya raɗa mini suna Malam Tsaya-haka, don kalmar da ta fi zama a bakina ke nan.

Abu biyu nake so in ɗauka: fuskokin mutane da tsofaffin gine-gine. Na farkon kowa ya gane. Na biyun ne ya sa aka fara yi mini kallon mai ɗan motsi. In na tsaya gaban wani tsohon soro ina karkata kai ina ja da baya, sai ka ji masu zama a gindin bishiya sun ce, "Malam, katanga kake ɗauka? Ga mu nan mutane fa!" Na sha hawa keke har Kiru don kawai an ce mini akwai wata ƙofa mai zane a can.

Duk cikin gine-ginen nan babu wanda ya shiga raina kamar zauren gidan Alhaji Garba mai hatsi, a tsohuwar unguwa. Zaure ne na ƙasa, zankwayensa huɗu sun miƙe sama kamar kunnuwan zomo, fuskarsa cike da zane tun daga ƙasa har bakin indararo. In ka shiga ciki da tsakar rana sai ka rantse wani ke yi maka fifita. Wanda ya gina shi yana nan da ransa, Baba Ɗanjuma magini, tsoho tukuf, bayansa ya ranƙwafa, hannunsa na rawa, ya daɗe da sauka daga kan gini.

Sai na ji labari Alhaji zai rushe zauren da zarar an gama girbi, ya tayar da na bulo da kwano. Ba jita-jita ba ce, don har an juye yashi a ƙofar gida. Na je na durƙusa na gaishe shi, na nemi izinin ɗaukar zauren kafin ya tafi.

"Ɗauki mana, Malam," in ji shi. "In za ka iya ma ɗauke shi gaba ɗaya ka kai gidanku, ka rage mini aiki."

Ranar Asabar na wuni a wurin. Na ɗauki zankwaye, na ɗauki indararo, na ɗauki zanen bango kusa da nesa, na ɗauki rumbun da ke gefe. Har wata akuya da ta fito daga ƙofar zauren tana tauna ban ƙyale ta ba. Da fim ya ƙare na naɗe shi, na cire na jefa cikin jaka, inda sabon fim ɗina yake.

Sati na gaba sai na ce ai ginin ba zai tafi shi kaɗai ba, bari in ɗauki mutanen da ke kewaye da shi. Na rataya baƙin bargona a jikin bangon makaranta, na ajiye kujera. Na zura hannu a jaka na zaro fim na saka, ban ko duba ba. Hedimastanmu ne ya fara zama, mutum mai tsare gida, wanda ko tari ya yi sai malamai sun gyara tsayuwa. Alhaji Garba ya zo da wata shuɗiyar babbar riga da ta sha bugu, ya zauna ya baje tumbinsa ya dafa gwiwoyi. Hajjo mai nono, Bafulatanar da ke kawo mana fura daga ruga, ta ce ita a tsaye za a ɗauke ta da ƙwaryarta a ka, kuma in na kuskura na rage mata tsawo ba ni ba nononta.

Baba Ɗanjuma ne ya ba ni wahala. Sau uku ina zuwa gidansa.

"Ɗana, me za ka yi da fuskar da ta gama aiki?" ya ce. "Je ka ɗauki samari."

"Baba, samari suna nan da yawa. Kai kaɗai ne ka gina zauren can."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce a ba shi hularsa. Da ya zauna a kujerar bai yi murmushi ba, bai kuma gyara riga ba. Ya dube ni kai tsaye, na danna.

Na kwashi fim biyu na hau mota zuwa Kano, na kai gidan wanke hoto, bayan kwana biyu na koma karɓa. Mai wankin ya miƙo mini ambulan guda ɗaya, ya ce ɗaya fim ɗin babu komai a cikinsa, fari fat, kamar ba a taɓa saka shi a kyamara ba. Na ce shi ke nan, zaure ya tafi, tun kafin a sa masa diga. Na lallashi kaina da cewa ai fuskokin sun fito.

"Malam," in ji mai wankin, yana danne dariya, "ba za ka duba aikinka ba kafin ka tafi?"

"Na san abin da na ɗauka," na ce masa.

(Ka ji fa. Na san abin da na ɗauka. Da ana sayar da girman kai a kasuwar Bebeji, da a shekarar na yi arziki.) Gaskiyar magana, na ƙudurta cewa ba wanda zai fara ganin hotunan nan sai masu su, a gaban jama'a, ni kuma ina tsaye a gefe ina karɓar yabo. Har na zo gida ban ɓalle ambulan ɗin ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar zauren. Dattawa suka zauna, malaman makarantarmu suka zo, Hajjo ta sauke ƙwaryarta daga can gefe, matan gidan suna leƙe ta bayan ƙofa. Na miƙe na yi jawabi. Wallahi jawabi na yi. Na ce hoto madubi ne da ba ya mantuwa, na ce kyamara ba ta san ƙarya ba, abin da mutum yake shi take nunawa. Sannan na durƙusa na miƙa wa Hedimasta ambulan da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, kai za ka buɗe mana."

Ya saka tabarau, ya zaro na farko. Ya duba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Liman da ke kusa da shi ya leƙa, sai na ga ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na girgiza.

"Malam," Hedimasta ya ce a hankali, "zo ka yi mini bayanin wannan."

Na matsa na duba. Ga Hedimasta nan zaune da kwarjininsa, amma zankwaye biyu sun tsiro masa a ka, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai wa daida kamar an auna. Indararo kuma ya fito ta gefen kunnensa.

Nan take na gane abin da na aikata. Lokacin da na naɗe fim ɗin zaure ban naɗe shi duka ba, na bar harshensa a waje, ya zama kamar sabo. Shi na sake sakawa na ɗauki mutane a kan gini, sabon kuma na kai Kano aka wanke mini banza. Kowane hoto biyu ne a cikin ɗaya.

Kafin in buɗe baki har an wawashe ambulan ɗin, hotuna suna yawo hannu-hannu. Wani ya ƙwala ihu, "La ilaha! Ku zo ku ga Alhaji!" A tsakiyar shuɗiyar rigar nan, daidai kan tumbi, ƙofar zaure ce a buɗe, akuya ta sako kai da ƙafa ɗaya tana fitowa, tana tauna abinta hankali kwance.

Wurin ya kece. Dattawa masu furfura suna dukan tabarma. Wani malami ya tashi ya koma bayan yashi don kada Hedimasta ya ga haƙoransa.

"Shi ya sa ba a samun nama a kasuwa!" in ji wani.

"Ai shi ya ce kyamara ba ta ƙarya!" in ji Liman, hawaye na zubo masa.

Hajjo ta karɓi nata, ta ga rumbu guda zaune a kan ƙwaryarta. Ta juya shi sama ta juya shi ƙasa. "Kai Malam, ni na ce kar ka rage mini tsawo, ban ce ka ɗora mini gida ba."

Ni kuwa ina tsaye, gumi na bin bayana har cikin wando, kyamarar nan a wuyana ta koma kamar dutsen niƙa. Na duba ƙasa ko za ta taimaka ta tsage, ta ƙi. Alhaji Garba kaɗai ne ba ya dariya. Ya riƙe hotonsa, jijiyar wuyansa ta tashi, na tabbata yana lissafin ta inda zai fara da ni.

Sai muka ji muryar Baba Ɗanjuma. Ba da ƙarfi ya yi magana ba, amma aka yi tsit.

"Ku ba ni wuri in gani da kyau."

Nasa hoton ne a hannunsa. Na leƙa ta kafaɗarsa. Fuskarsa ta faɗa daidai tsakiyar zanen bangon zauren. Layukan zanen sun bi tamojin goshinsa sun gangaro kumatu, ba ka iya cewa ga inda tsoho ya ƙare ga inda bango ya fara. Idanunsa biyu suna kallonka daga cikin ƙasar.

Baba Ɗanjuma ya gama duban hoton. Sannan ya ɗaga kai ya dubi Alhaji.

"Garba, zo nan."

Mutumin da manyan motoci ke jira a kasuwa ya taso ya tsuguna a gabansa kamar ɗan makaranta.

"Ka ga wannan layin da ya karkace, nan kusa da idona? Ba nawa ba ne. Na mahaifinka ne. Ya nace sai ya sa hannu, na ce masa Alhaji ba ka iya ba, ya ce ai gidansa ne. Ranar aka shigo aka ce masa an haife ka, ya tafi da gudu da laka a hannu, ya bar mini shi a karkace. Na so in gyara, na fasa."

Alhaji ya dubi hoton, ya ɗaga kai ya dubi bangon da ke bayansa. Ya tashi ya je ya laluba har ya sami layin, can sama da kafaɗarsa, ya ɗora yatsa a kai. Shekara arba'in da wani abu yana wucewa ta ƙarƙashinsa safe da yamma. Ya daɗe a tsaye ya ba mu baya. Da ya juyo sai ya ce wa ƙaninsa, "Gobe a kwashe yashin nan a kai bayan gida. A can za a yi ginin. Wannan kuma a nemo masu yaɓe kafin damina."

Aka ɗauki kabbara. Liman ya kama hannuna yana girgizawa. Hedimasta ya sake duban zankwayensa, ya yi gyaran murya, ya soke hoton a aljihu, ya ce zai ajiye shi "don bincike".

Sai Alhaji ya juyo gare ni. "Malam, tsakaninka da Allah, da gangan ka haɗa su?"

To, a nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Na buɗe baki da niyyar faɗinta. Abin da ya fito shi ne, "Eh to, Alhaji, aikin hoto yana da zurfi."

"Har da akuyar?"

"Akuyar ce dai ta shigo ba da izinina ba."

A nan shi ma ya fashe, har yana riƙe inda akuyar ta fito.

Zauren yana nan a tsaye har na bar Bebeji. Baba Ɗanjuma ya zauna a kan kujera ya yi wa masu yaɓe tsawa sati guda cur, ana cewa rabon da a ji muryarsa haka an manta. Ni kuma sunana ya tafi har Kiru da Tudun Wada, mutane suna zuwa a ɗauke su "a cikin gidan kakansu". Na karɓi aikin da fara'a, na ɓata fim ba adadi ina ƙoƙarin maimaita abin da gangan. Ko sau ɗaya bai sake yin kyau ba. Wani na saka masa taga a ido, wani na binne shi a katanga har wuya.

Abin da na koya dai guda biyu ne. Kada ka tara jama'a a kan ambulan ɗin da ba ka buɗe ba. In kuwa ka riga ka tara su, Allah kuma ya rufa maka asiri, to ka karɓi yabon da sauri ka tafi gida, kafin wani ya ce ka sake.