Kyaftin Zubeiru da Jirgin Batakari

A gyara tsayuwa, ga Kyaftin Zubeiru na Kanvili, Dodon Teku, wanda kifi ke gaishe shi da suna! Wata uku ya yi yana gadin shagon taya a Tema, ta taga yake hango teku. Ya dawo Tamale da farar hula da tafiyar agwagwa, wai har yanzu ƙasa na yi masa rawa.

Kujerar shugaban masu sayar da kayan babur yake nema, zaɓe saura kwana biyu. Abokin takararsa Saibu ya raba shinkafa da wake, har da ƙwai. Kyaftin ya ce wannan siyasar ciki ce, shi jirgi zai nuna. Ya sayo tsohon kwalekwale, ya kafa masa doguwar gora a tsakiya, ya ɗaɗɗaure ta da igiyar shanya, ya gayyaci 'yan ƙungiya kaf zuwa dam ɗin bayan gari.

Saura zanen da iska za ta tura. To, iskar Tamale a watan Maris, ganyen darbejiya ɗaya in ta kaɗa sai ta zauna ta huta. Wumpini tela, wanda ke kiransa Masa, wato maigida, ya ce, "Masa, iska kaɗan ce. Mu sa yadi shara-shara irin na lema, ko numfashi ya taɓa shi zai kumbura."

"Yadin lema? Ni? Wumpini, a teku da zane ake gane babban mutum. Batakari za ka ɗinka, irin rigar nan ta manya, saƙin hannu, mai nauyi, a yi masa aiki a wuya."

"Masa, jirgi ba shi da wuya."

"Ka yi masa!"

Girman kai rawanin tsiya. Ƙarti huɗu ne suka ɗaga zanen nan, suna nishi.

Aka tura kwalekwalen cikin ruwa. Kyaftin ya dafa gora ya yi jawabi: "Jama'a, wanda ya iya da iska zai iya da ƙungiya. Iskar baya nake jira. Ku kalle ni da kyau, don yanzu za ku daina gani na."

Aka kalle shi da kyau, awa guda cur. Can sai ga iskar, 'yar siririya, ta shafa batakari, ta ga ba sa'anta ba ne, ta wuce. Kyaftin ya fusata ya finciki igiya. Gora ta rusuna, bakin zane ya tsoma a ruwa ya hau sha kamar raƙumi, kwalekwale ya karkata a hankali, cikin ladabi, ya juye Dodon Teku.

"Wayyo! Ku kira sojan ruwa! Na bar wa Saibu kujerar, ku dai cece ni!"

'Yan ƙungiya suka ce sun ji, sun shaida.

Sai ga Ashetu mai nono ta ratso dam ɗin da ƙwarya a ka, ta ɗan tattare zani, ruwa iya gwiwa. Ta tsaya a kansa.

"Kyaftin, sannu da teku. Matsa in wuce, kar ka fantsama min ruwa a nono."