Ranar da Na Amsa Tambayar da Ba a Yi Mini Ba

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Lahadi a bakin iyakar Illela ba. Na gama sakandare ke nan, ina ji da Turancina (a garinmu Amarawa ni ke karanta wa mutane takardar asibiti). Na sha farar shadda zan tsallaka iyaka zuwa Ƙwanni wajen Zulai, ɗiyar Alhaji Mamman mai sayar da albasa. Shekara guda ina zuwa gidansu da sunan gaishe da yayanta, ban taɓa furta mata komai ba.

Ranar an kawo sabuwar jami'ar shige da fice, 'yar Kudu, ba ta jin Hausa. Ta dube ni ta ce, "Purpose?"

Kalmar nan ba ta wuce dalili ba, wato me zai kai ka. Mutane cewa suke kasuwa, ko biki, su wuce. Ni kuwa kunnena "propose" ya ji, neman aure. Na ce a raina, wa ya gaya mata?

Na gyara tsayuwa na ce, "Not yet, madam." Sai bakina ya ɓalle. Da Turanci na gaya mata sunan Zulai, da yadda ba na iya cin tuwo in na tuna dariyarta, da tsoron babanta da nake yi (har gemunsa na kwatanta). Baiwar Allah ta saki baki tana kallona.

Sai na ji an dafa kafaɗata.

"Yaro, ba wanga anka tambaye ka ba. Cewa tay yi mi za ka yi Ƙwanni."

Alhaji Mamman ne. Ashe shekarun da ya yi yana kai albasa Legas ba a banza ba, yana jin Turanci sarai.

A motarsa ya kai ni har gidansa. Da yamma Zulai ta kawo mini ruwa tana danne dariya, ta ce, "Ashe ba ka cin tuwo?" Na shanye ruwan na gudu. Kunya ta hana ni komawa wata takwas, ita kuwa ta jira har ta gaji. Yanzu tana aure a garin Tawa da 'ya'ya uku, kuma har yau in an yi dariya irin tata sai na waiwaya.

In ba ka ji tambaya ba, ka ce a maimaita. In kuwa ka riga ka amsa a gaban uban yarinya, to washegari ka tura manya.