Injiniya Jibirilu Ya Kawo Haske Nima

Allah Ya yi wa Nima baiwa iri-iri, amma babu kamar ranar da Ya dawo mata da Jibirilu daga Dubai. Ashe kafin zuwansa unguwa cikin duhu take zaune ba ta sani ba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma mutumin da ya hau jirgin sama zuwa da dawowa ai ba ya ƙarya.

A Akra duk wanda ya je waje ya dawo boga ake ce masa. Jibirilu dai boga bai ishe shi ba, sai ya ɗora Injiniya a gaba. 'Yan baƙin ciki na cewa gadi ya yi a ƙofar wani shagon kayan lantarki. To, sai me? Mai zama kusa da mai turare ba ya rasa ƙamshi. Ko tafiyarsa ka gani ka san an sha ilmi: kafaɗa a sama, abin gwada wuta a soke a aljihun gaba kamar alƙalamin alƙali, gilashi baƙi ko ana ruwa.

Yana da babur, wanda 'yan gari ke kira moto. Tsoho ne, amma mai amana. A kansa ake ɗaukar bokitin koko da ƙosan matarsa Fusena kowace safiya daga Nima zuwa bakin tasha a Kotobabi, kuma da wannan kokon gidan Injiniya ke cin tuwo, ko da yake wannan magana ba ta cikin jawabansa. Laifin babur ɗaya ne: fitilarsa ja-ja ce, irin ta talakawa.

Da lokacin dawowar alhazai ya matso, aka taru a Maamobi don shirya tarbar Hajiya Rafi'atu, uwar Fusena. Al'adar gidan, ayarin babura ke rako mahajjaci daga sansanin alhazai har ƙofar gida, kuma Husseini, mijin ƙanwar Fusena, shi ke jan gaba. Injiniya ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, tsohuwar da ta je ta ga hasken Makka, ba za a shigo da ita gari da fitilar aci-bal-bal ba. Ni na ga yadda ake tarbar manya a waje. Bana ni zan ja gaba, kuma Nima za ta san an yi."

Husseini mutum ne marar son hayaniya. Ya ce, "To, Yaya, bismilla."

Washegari Injiniya ya dawo daga kasuwa da leda cike da fitilun LED. Ya cire kowane ƙwai da masu ƙera babur suka sa, don ai su ba su je Dubai ba. Ya sa fari tas a gaba. Ya sa a sigina. Ya naɗe tanki da shuɗi, ya zagaye taya da kore, ya liƙa wani ja a ƙarƙashin kujera saboda kada ƙasa ma ta ce an manta da ita. Bakaniken unguwa kuwa bai taɓa ko waya ɗaya ba, domin Injiniya ya riga ya sanar a majalisar shan shayin ataya cewa duk kanikawan Nima 'yan kwance-kwance ne. Wanda ya rufe wannan ƙofa da bakinsa, ta ina zai sake shiga?

Da rana tsaka ya kunna, ya zagaya unguwa. Rana tana nata, yana nasa.

Abu na farko da ya fara rikicewa, sigina ce. Maimakon ƙiftawar da aka sani, sai ta riƙa rawar ɗari kamar idon marar gaskiya. Wani a majalisa ya yi ƙarfin halin tambaya. Injiniya ya yi murmushin tausayi, ya kira shi masa, wato maigida a bakin 'yan Akra.

"Masa, wannan shi ne saurin waje. A can ba a ɓata lokaci. Kafin ku ƙifta sau ɗaya, Dubai ta ƙifta sau goma."

Bayan kwana kaɗan sigina ta ƙara ilmi. In ya danna hagu, dama ma ta amsa, gaba da baya, duka huɗu suna walƙiya tare. Direbobin trotro, motocin hayar gari, suka riƙa kauce masa, don ba wanda ya san inda zai nufa, har shi kansa. Injiniya ya dawo gida yana huci don daɗi, ya ce wa Fusena yanzu a titi hanya ake ba shi kamar ɗan rakiyar shugaban ƙasa.

Sai kuma wata safiya babur ya ƙi tashi. Ya danna, shiru. Ya taka, ya taka, har hularsa ta faɗi. Hon da ya danna sai ya yi wani kuka irin na kwaɗon da mura ta kama. Fusena tana tsaye da bokitin koko yana hucewa.

"Baban Salwa, wannan ƙwan fitila na ƙarƙashin kujera, ko ka cire makulli ba ya mutuwa. Kwana yake a kunne."

"Ke dai san gero," in ji Injiniya. "Ana ce masa tsaro. Ɓarawo ya ga haske, ya gudu."

Ɓarawo kam bai zo ba. Batir ne ya gudu. Fusena ta ɗora bokiti a ka ta tafi neman trotro. Kafin ta isa Kotobabi masu sammako sun sha na wata sun wuce aiki. Haka aka yi ranar, haka aka yi washegari, har ta saba dawowa da rabin bokiti, yara suna shan koko safe da rana da yamma. Injiniya bai ga abin damuwa ba. Babban aiki ba ya rasa waɗanda za su yi hasara dominsa.

Ya shiga bincike, kuma a nan ne duniya ta ga gwaninta. Ya baje tabarma a ƙofar gida inda kowa zai gani, ya kwance gefen babur, wayoyi suka zubo kamar hanjin rago. Ya taɓa wannan, ya lasa wancan, ya kaɗa kai. Hukuncin farko: batirin Gana ne ba shi da tarbiyya. Aka sa sabo. Ya kwana biyu ya bi ɗan'uwansa. Hukunci na biyu: zafin Akra ne, LED ɗin waje sanyi ya saba da shi. Wani ya ce ai an ce Dubai ta fi nan zafi. Injiniya ya dube shi ta saman gilashi ya ce zafi ma iri-iri ne. Hukunci na uku: hassada. Ya turara babur da hayaƙi, ya daina gaisawa da Husseini.

Babbar fitilar gaba ita ma ta shiga sahu. In ya ja wuta ta haska, in ya sassauta ta riƙa ɗauke numfashi tana dawowa. 'Yan majalisa suka raɗa masa suna Dumso, sunan da ake kiran ɗauke wutar gari da kawo ta. Da labari ya kai masa, ya ce sunan girmamawa ne, don dumso abu ne da ƙasa baki ɗaya ke magana a kai.

Jajiberin zuwan Hajiya, ya gano maƙiyinsa na gaskiya. Wani ɗan ƙaramin abu ne a gefen batir, fiyus, wanda kullum sai ya ƙone. Ya canza, ya ƙone. Ya sake, ya ƙone. Injiniya ya ɗaga shi sama ya nuna wa jama'a kamar an kama ɓarawon takalma a masallaci.

"Kun ga matsalar Afirka? Ga ta nan. Abu ɗan mitsitsi, da ya ga wuta ta yi ƙarfi sai ya tsorata ya yanke. Haka mutanenmu suke. Ni ba na aiki da matsorata."

Ya jefar da shi cikin kwata, ya nemo ƙusa ya cusa a gurbinsa. Ƙusa kuwa jaruma ce, ba ta san tsoro ba. Babur ya tashi, kowace fitila ta kama. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ranar nan Injiniya sarƙar zinariya ya ɗauke shi.

Ranar tarba ya sa sabuwar farar shadda, ta sha guga har tana tsayawa da kanta. Ayari ya taso bayan la'asar. Injiniya a gaba, babura a bayansa, sai motar Hajiya, tsohuwa tana ciki da carbi tana ɗaga wa mutane hannu. Da aka shigo titin kasuwar Nima, mata suka ɗauki guɗa, masu shaguna suka fito. Injiniya ya ga lokacinsa ya yi. Ya kunna shuɗi, ya kunna kore, ya kunna ja, ya saki sigina huɗu, ya kwanta a kan hon.

Wani ƙauri ya tashi. Ya ɗauka na mai tsire ne.

"Boga, wuta!" in ji wata mai tumatir.

Ya ɗaga mata hannu. Ai gwara da ta gane.

"Wuta! Injiniya, wuta!" Yanzu kasuwa duka ta ɗauka, wasu har suna bin sa da gudu suna nuna shi. Hawayen daɗi ya cika masa ido a bayan gilashi. Ya miƙe tsaye a kan babur, ya juyo wajen motar surukarsa ya yi kirari: "Mma Hajiya, kin ji da kunnenki! Wutar Dubai ke nan!"

Da ya koma ya zauna ne saƙon ya iso masa ta hanyar da ba ta buƙatar tafinta.

Tsallen da Injiniya ya yi, har gobe ana ba da labarinsa. Babur ya yi gefe ya kwanta yana hayaƙi, shi ya yi gefe yana kaɗe baya da hannu biyu. Wata mai kifi ta ɗauko bahon da take wanke kifi ta raba adalci, rabi ga babur, rabi ga mai babur. Wuta ta mutu. Bayan shaddar kuwa ya riga ya tafi, ya bar taga mai faɗi.

Motar Hajiya ta tsaya. Tsohuwa ta sauke gilashi, ta dube shi sama da ƙasa. Ta juya ga 'yarta. "Fusena, ba mijinki zane." Sannan ta yafito ɗaya surukin. "Husseini, ɗana, kai ni gida, na gaji."

Ayari ya wuce. Aka bar Injiniya a bakin titi, ɗaure da zanen atamfa mai hoton kaji, yana warin kifi, yana bayyana wa duk mai tsayawa cewa a waje ma sai an yi gwaji kafin a yi nasara.

Cikin masu tsayawa har da Ziblim, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa daga Old Fadama, yana turo kurarsa. Ya zagaya gawar babur, ya ƙwanƙwasa tanki, ya ce in na sayarwa ne zai ɗauka. Injiniya ya gyara ɗaurin zane ya ɗaga kafaɗa.

"Ka san abin da kake kallo kuwa? Dubi fitilun nan. Kowace ɗaya LED ce."

Ziblim ya ɓalle guda ya jinjina a tafin hannu, ya miƙa masa.

"Masa, cire kayanka ka riƙe. Mu nauyi muke saye."