Gadajen Alhazai a Falona

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na mai da kaina dillaliyar gidaje ba, waya a hannu, girman kai fal ciki. Lokacin muna zaune a unguwar Nakkasa a Makka, can saman dutse, a ciki da falo a gidan babbar yayata, Yaya Hajara. Mijina Sani direban bas ne a Kudai, kuma shi ko a tabarma aka ajiye shi zai yi barcinsa ya gode wa Allah. Ni ce abin ya dama. Na gaji da hawan matakala da tukunyar gas a ka, na gaji da layin banɗaki, ga maganar rusau kullum tana yawo a unguwa. Na ci alwashin sai na sauko daga dutsen nan ko ta halin ƙaƙa.

Yaya ta ce a nemi dillali. Na yi mata irin dariyar da ƙanwa ke yi idan ta ga kamar ta fi yayarta wayewa.

"Haba Yaya, ai an wuce wurin. Yanzu a waya ake neman gida."

Shafukan nan na intanet kuwa akwai daɗin sha'ani. Ki zaɓi unguwa, ki zaɓi yawan ɗakuna, sai hotuna su yi ta zubo miki. Na duƙufa ba ji ba gani, har shinkafa ta sha ƙonewa a kan wuta ina leƙen kicin ɗin mutane. Na je na ga gidaje da dama. Wani a hoto fili guda, da na je sai na tarar ko akuya aka ɗaure a falon sai ta yi ƙorafi. Wani an rubuta "kusa da Harami", ashe akwai dutse sukutum a tsakani. Duk da haka ban karaya ba.

Rannan sai ga shi. Shugga (haka muke ce wa gidan bene na haya a nan) a Kudai, ɗaki uku, banɗaki uku, ga lif, ga araha kamar an yi kuskure. Ban tsaya dogon tunani ba na ja Sani muka tafi.

A nan dole in yi wa mai gidan adalci. Dattijo ne Balarabe, Abu Faisal, kuma bai ɓoye mana komai ba. Ya ce hayar ta wata goma ce, da Zulƙida ta kama za mu fita a sa alhazai, bayan Hajji mu dawo. Wannan ba baƙon abu ba ne a Makka, abin da ake kira gidan mausim ke nan, kuma shi ya sa ya yi araha.

Sani ya ja ni gefe. "Maman Hanan, kin dai ji abin da ya ce."

"Na ji. Wata goma fa! Kafin nan na samo wanda ya fi shi. Ka bar mini wannan."

Ya bar mini kuwa, bawan Allah. Ranar da muka kwashe kaya na dubi Yaya na ce, "Ni da dutsen nan sai dai ziyara." Zancen mausim kuwa ban ga dalilin ɗaga shi ba, tunda a lissafina matsala ce da na riga na kashe.

Na sha daɗin gidan har na manta da wata yana tafiya. Sai bayan ƙaramar Salla na koma shafukan da ƙarfina, na tarar duniya ta canza. Duk gidan da na taɓa, na alhazai ne. Wanda ba na alhazai ba, kuɗinsa sai wanda ya gaji rijiyar mai. Na kira lambobi har kunnena ya yi zafi. Wani ma da na ce ina neman hayar shekara dariya ya yi ya ce, "A Shawwal, ya ukhti?" ya kashe.

Sai na sauya dabara, na koma kan matar mai gida, Ummu Faisal. Yau in aika mata masa da miyar taushe, gobe dambun nama, jibi kunun gyaɗa. Da na ga ta saba, na roƙe ta ta sa baki a bar mu. Ta dafa ni ta ce, "Insha Allah khair." (A Makka na girma. Na san sarai abin da wannan ke nufi. Amma kunnena ya ji abin da yake so.)

Ana cikin haka aka sa bikin Zainab, 'yar Yaya. Dangin ango mutanen unguwar Tandabawi ne, tsofaffin zama, masu ji da kansu. Ana shawarar inda mata za su yi wuni, sai bakina ya riga hankalina.

"A yi a falona mana. Wa zai kai baƙi saman dutse?"

Da Sani ya ji ya ce, "An fa ga watan Zulƙida. Mai gadi ya zo nemanki har sau nawa."

"Na gama magana da matarsa," na ce, na ci gaba da goge labule.

Ranar wuni gida ya cika, turaren wuta ya kama ko'ina, amarya ta sha lalle. Uwar ango ta zagaya ɗakunan tana jinjina kai, ta ce, "Masha Allah. 'Yar nan, ina kika samo wannan gida haka?" Jama'a, abin da nake jira ke nan. Na zaro waya, mata suka kewaye ni, na shiga ba da darasi: nan ake latsawa, nan ake zaɓar unguwa, dillali ai sai wanda bai waye ba. Ina tsaka da bayani aka danna ƙararrawa. Na ɗauka masu kawo shinkafa da rago ne, na tafi da rangwaɗa na wangale ƙofa.

Gadajen ƙarfe ne, jingine tun daga bakin ƙofata har bakin lif, ga katifu sababbi cikin leda, ga ma'aikata suna share gumi. Abu Faisal na tsaye gefe ya kau da kai saboda mata, don haka sai ya ɗaga murya yadda zan ji. Kowa ma ya ji, kuma babu wadda ba ta jin Larabci a falon nan.

"Ma'alesh ya ukhti, ki yi haƙuri, na yi ta aike. Gobe masu duba masaukin alhazai za su zo. Ku gama bikinku, amma gadaje dole su shiga yanzu, mai mota yana jira."

Na ce, "Amma Ummu Faisal ta ce..."

"Ta ce masarki akwai daɗi," in ji shi.

Can uwar ango ta ce a hankali, "Au, gidan mausim ne?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige ban waiwayo ba. Wayar tana hannuna, shafin a buɗe, na rasa ma aljihun da zan tura ta.

Mata suka jawo abayoyi suka rufa, ma'aikata suka yi ta shigo da gadaje suna jerawa. Aka jingine kujeruna a bango, baƙi suka hau gadajen alhazai suka zauna, duk wadda ta motsa leda ta yi ƙara. A haka aka ci shinkafar. Hotunan Zainab na wuni duk a kan katifa mai leda take, har yau idan ta fito da su sai in tuna ina da aiki a kicin.

Sai da baƙi suka watse Yaya ta yi mini magana. Tana naɗe tabarma ta ce, "Da kin faɗa mini, da mun yi a dutsenmu da mutuncinmu." Wannan ta fi gadajen yi mini ciwo, don gaskiya ta faɗa, kuma 'yarta na kunyata a gaban surukai. Na ba ta haƙuri ina hawaye. Ta ce ɗakinmu yana nan.

Amma taurin kai bai sake ni ba. Na sa Sani ya roƙi Abu Faisal, ya ba mu wani ɗan ɗaki a rufin benen, kusa da tankunan ruwa. Can muka tara kaya muka yi Hajjinmu, zafi kamar gidan burodi, Sani bai taɓa ce mini "ai na faɗa miki" ba (da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi).

Alhazan da aka sa a gidan kuwa mata ne daga Najeriya. Wata rana na tuna na bar turmina a kicin, na sauko na ƙwanƙwasa ƙofar gidana, na yi sallama kamar baƙuwa. Wata tsohuwa ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, mai tuwo ce? Jiya ma mun saya, sai dai gobe."

Na ce to Hajiya, Allah ya kai mu, na hau sama ba turmi.

Har yanzu ina duba gidaje a waya, ban tuba ba. Sai dai idan na ga mai kyau da araha a garin nan, ba na fara tambayar ɗaki nawa ne. Tambayata ta farko ita ce, "Malam, ranar Arfa a ina zan kwana?"